Daga sikelin SONARA zuwa kasuwar Maigatari: wa ya kamata ya yanka wa manomi farashi?

Tun da aka shiga kaka, kusan duk kiran da ke shigo mana a shirin manoma maganarsa guda ce, wato farashi. Mai wake na kukan tiya ta faɗi, mai sayen hatsi kuma na cewa alhamdu lillahi, Allah ya ƙara. A makon jiya wani dattijo daga wajen Waca ya kira mu ransa a ɓace, ya ce shi dai a koma irin ta dā, zamanin SONARA, gwamnati ta yanka kuɗi ta kafa sikeli ta saya, kowa ya san abin da zai samu. Ba mu rufe shirin ba sai ga saƙon murya daga wani matashinmu da ke ci-rani a Legas, yana cewa a'a, gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa kwata-kwata, a bar mutum ya kai kayansa inda suka fi daraja.

Minti talatin na shiri ba su isa a warware wannan ba, shi ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta. Gardamar ba tamu ba ce mu kaɗai. Ƙasashen da suka bi tsarin gurguzu, irin su Rasha da Sin da maƙwabciyarmu Benin, sun yi ta a aikace, wasu sun ci riba wasu sun sha wuya. Mu ma nan Magarya da Dungas mun ɗanɗana namu, ko da yake yaran yanzu ba su san an yi ba.

Gurguzu a taƙaice shi ne gwamnati ta mallaki gona da masana'anta da banki, ita ke cewa a shuka kaza, a sayar kan kuɗi kaza. Nijar ba ta taɓa zama ƙasar gurguzu ba. Shugaba Diori Hamani na ɗasawa da Faransa, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary da ta karkata wancan ɓangaren kuwa an haramta ta tun 1959. Amma a fannin cinikin amfanin gona, abin da aka shimfiɗa mana bayan samun ƴancin kai ya yi kama da nasu ƙwarai.

Zamanin gyaɗa

A shekarar 1962 gwamnati ta kafa kamfanoni uku da suka shiga rayuwar kowane ƙauye. SONARA ita kaɗai ke da izinin fitar da gyaɗa waje. COPRO-Niger na shigo da kayan masarufi irin su sukari da gishiri da yadi. UNCC kuma na kula da ƙungiyoyin manoma, wato koperatif, da bashin noma. A 1970 aka ƙara da OPVN don hatsi.

Ga yadda ake yi. Gwamnati a Yamai ke sa ranar buɗe cinikin gyaɗa, ita ke yanka kuɗin kilo. Masu saye sai wanda aka ba lasisi: manyan kantunan Turawa, wasu attajiran gida, da koperatif. Su tara, su miƙa wa SONARA, ita ta fitar. Gyaɗar yankinmu galibi ta Kano take bi, jirgin ƙasa ya kai ta Legas. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo wa Nijar kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da take samu daga kayan da take sayarwa waje, kuma Magarya da Matamai na cikin wuraren da suka fi noma ta. Har masana'antar tatsar mai aka kafa a Magarya, SEPANI, kamar yadda Matamai da Maraɗi ke da nasu.

Dattijonmu na Waca bai yi ƙarya ba. Akwai abin da tsarin ya ba manomi: tabbacin mai saye, irin shuka a kan bashi, garmar shanu, taki, da malamin gona mai zuwa har ƙauye. A shekarun 1970 an yi aikin raya karkara da ake kira 3M, wato Mirya da Magarya da Matamai, da kuɗin Turai. Wanda ya ga wannan da idonsa, dole yau ya ji kewa.

Sai dai akwai ɓangaren da kewa ke sa a manta. Kuɗin da ake ba manomi yana ƙasa da abin da gyaɗar ke kawowa a kasuwar duniya. Rarar tana tafiya asusun daidaita farashi da baitulmali, a biya albashi, a yi gine-gine a birni. Kuma lokacin cinikin gyaɗa shi ne lokacin karɓar haraji, ta yadda kuɗin kan shiga aljihun dama su fita ta na hagu tun mutum bai bar kasuwa ba. Ku tambayi tsofaffi labarin sikeli da masu awo, za ku ji abin da ba mu da wurin rubutawa a nan.

To me manomi ya yi? Abin da kowane mai hankali zai yi. A ƙetaren iyaka ma hukumar ciniki ta Arewacin Najeriya ce ke yanka nata farashin, ita ce mai dalar gyaɗar nan ta Kano. Shekarar da kuɗin Najeriya ya fi, gyaɗarmu ta bi jakuna da raƙuma da dare ta yi kudu. Shekarar da namu ya fi, tasu ta hauro. Wani Ba'amurke mai bincike, John Collins, ya zauna ya rubuta kundin digirinsa kacokan a kan cinikin gyaɗa a Magarya daga shekarun 1930 zuwa na 1970, ya kuma yi rubutu na musamman kan wannan safarar ta ɓoye. Abin da ya fito fili shi ne, gwamnatoci biyu na yanka farashi a ofis, amma ainihin hukuncin a hanyar daji ake yanke shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda rumbun ya rushe

Ba dare ɗaya abin ya lalace ba. Faransa ta daina sayen gyaɗarmu a kan farashin alfarma wajen ƙarshen shekarun 1960. Fari ya biyo baya, ya yi tsanani a 1973 da 1974, har ya zama ɗaya daga cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. A 1975 ɗarɓa da cutar kuturtar gyaɗa suka cinye gonaki. Manomi ya duba ya ga gyaɗa ba ta ciyar da gida, ya koma hatsi da wake. Gwamnati ita ma hankalinta ya koma Arlit, wajen yuraniyom.

Kamfanonin dai suka ci gaba da zama, da ma'aikata da motoci da ofisoshi, ga gyaɗar da za a saya babu. Muddin kuɗin yuraniyom na shigowa, ana rufa asiri. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu, sai aka nufi asusun FMI a 1983, sannan Bankin Duniya. Sharaɗinsu sananne ne: a rage kashe kuɗi, a sayar ko a rufe kamfanonin gwamnati, a bar ƴan kasuwa su yi ciniki. Aka ƙwace wa COPRO-Niger da OPVN ikon da suke da shi su kaɗai. Bankin bashin noma, CNCA, ya durƙushe. SONARA ta rufe kafin shekarun 1980 su ƙare, babban bankin raya ƙasa BDRN ya bi ta a 1990. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Taki da magani da duk abin da ake shigowa da shi suka yi tsalle.

Abin lura a nan, an ce wa manomi yanzu kana da ƴanci, sayar wa wanda ka ga dama. Madalla. Amma bashin da yake samu, da iri, da malamin gona, duk sun tafi tare da sikelin, ba a ajiye komai a gurbinsu ba. Wanda ya cike gurbin shi ne mai kuɗin ƙauye, wanda zai ba ka bashi da damina lokacin da rumbu ya ƙare, ya karɓi buhu da kaka lokacin da hatsi ya fi arha.

Rasha ta yi tsalle, Sin ta taka a hankali

Lokacin da muke cikin wannan, manyan ƙasashen gurguzu su ma suna neman hanyar fita, kuma hanya biyu suka bi.

Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disamban 1991. Ranar 2 ga Janairu 1992 gwamnatin Boris Yeltsin ta saki farashin yawancin kaya lokaci guda. A wannan shekarar kaɗai tsadar kaya ta ninka fiye da sau ashirin. Ku kwatanta mutumin da ya yi shekara talatin yana tara kuɗin tsufa a banki, ya wayi gari ba su sayen buhun gari. Aka raba wa jama'a takardun hannun jari na kamfanonin gwamnati, talaka mai jin yunwa ya sayar da tasa da arha, manyan kamfanonin mai da ƙarfe suka faɗa hannun ƴan tsiraru. Kafin 1998 arzikin da ƙasar ke samarwa ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Polan ma ta yi irin wannan tsallen a 1990, amma ta farfaɗo cikin shekara biyu zuwa uku, kuma ɗaya daga cikin bambancin shi ne yawancin gonakinta dama suna hannun manoma, ba a taɓa haɗe su duka ba.

Labarin Sin shi ya fi kama da namu, don daga ƙauye ya fara. A can an haɗe gonaki, kowa na aiki a gandun gwamnati, mai ƙwazo da malalaci rabonsu kusan ɗaya. A ƙarshen 1978, a wani ƙauye mai suna Xiaogang cikin lardin Anhui, magidanta 18 suka taru a ɓoye suka dangwala yatsa a takarda. Suka raba gandun gida-gida, da alkawarin kowa zai ba gwamnati kasonta, abin da ya saura nasa ne. Laifi ne babba a lokacin, har suka yi alkawarin riƙe ƴaƴan duk wanda aka kama. Amfanin da suka samu a shekarar da ta biyo ya sa hukuma, maimakon ta hukunta su, ta bar abin ya bazu. Gwamnatin Deng Xiaoping ta kuma ƙara kuɗin da take sayen hatsi a 1979. Hatsin da ƙasar ke nomawa ya tashi daga wajen tan miliyan 305 a 1978 zuwa wajen miliyan 407 a 1984. Ƙasa ɗaya, mutane ɗaya, fartanya ɗaya.

Ku lura, Sin ba ta rushe rumbun gwamnati ba. Farashi biyu ta bari suna tafiya tare na tsawon shekaru: kason gwamnati a kan kuɗinta, rarar kuma a kasuwa. Sai da kasuwa ta yi ƙarfi aka riƙa janye na farkon. Biyetnam ta bi sahu daga 1986, ta ba iyalai gonaki a 1988, a 1989 ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci ta fitar da shinkafa fiye da tan miliyan ɗaya. Har gobe kuma gwamnatin Sin na riƙe da manyan kamfanoni. Shinuwan da muke gani a matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, ai ma'aikatan CNPC ne, kamfanin gwamnatinsu, mai kashi 60 cikin 100 na matatar, Nijar na da 40. Don haka wanda ya ce Sin ta ci gaba ne don gwamnati ta cire hannu, rabin labarin ya faɗa.

Kusa da gida, Mathieu Kérékou ya ayyana gurguzu a Benin a 1974, kafin 1989 bankuna sun rufe, ma'aikata na wata da watanni ba albashi, dole ya sauka daga aƙidar, aka yi taron ƙasa a Fabrairun 1990, irin wanda mu ma muka yi a 1991. A Gini kuwa Sékou Touré ya hana cinikin ƴan kasuwa a 1975, sai da matan kasuwa suka fito zanga-zanga a Agustan 1977 kafin ya sassauta.

Gawon da ke gonarka

In kuna son ganin irin abin da ya faru a Xiaogang ba sai kun je Sin ba. Ku hau mota daga Magarya zuwa Bande, ko ku bi hanyar Dungas da rani, ku dubi gonaki.

A dokar gandun daji ta zamanin Turawa, da wadda ta gaje ta a 1974, gawo na cikin itatuwan da hukuma ke karewa. Ko a tsakiyar gonarka yake, in ka sare reshe ba izini, tara ce. Niyyar mai kyau ce, amma me ta haifar? Manomi ya ga ɗan gawo ya tsiro, ya san in ya girma ba nasa ba ne, sai dai ya jawo masa ma'aikacin gandun daji. Sai ya sa fartanya ya cire shi tun yana ƙarami, kowa ya huta.

Daga tsakiyar shekarun 1980, bayan farin 1984, abubuwa suka sauya. Gwamnati ba ta da kuɗin zagaya kowace gona, mutane kuma sun ga ƙasa na mutuwa, ga yawan jama'a, ba sauran daji da za a sassabe. Sannu a hankali manomi ya fara ɗaukar iccen gonarsa a matsayin nasa, ya riƙa barin tsiro yana yi masa sassabe mai kyau. Dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004 suka zo suka ƙarfafa haƙƙin mai gona. Binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa a yankin 3M kaɗai wajen eka miliyan ɗaya, irin ekar nan ta hekta, sun sake cika da itatuwa, mafi yawansu gawo. Ba wani kamfani da ya dasa su. Kun san amfaninsa fiye da mu: ya zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ƙarƙashinsa ya fi ko'ina yabanya, ƴaƴansa abincin dabbobi, rassansa makamashi. Masana daga ƙasashe da dama na zuwa kallon abin da kakanninmu da iyayenmu suka yi, mu kuwa mun saba gani har ba mu ɗauke shi komai ba.

A ganinmu wannan shi ne zuciyar maganar. Abin da ya sa Basine ya ƙara noma, shi ya sa Bamagarye ya bar gawo: ya tabbata abin da ya wahala a kansa zai dawo hannunsa.

To, a bar kasuwa ta yi yadda ta so kenan?

A'a. Matashinmu na Legas shi ma sai ya tuna 2005. A shekarar akwai hatsi a kasuwannin jihar Damagaram da Maraɗi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, yara suka cika cibiyoyin tamowa. Kasuwa ba ta san mai jin yunwa ba, mai kuɗi ta sani. Shi ya sa OPVN, ko da ta daina zama mai saye ita kaɗai, har yanzu tana riƙe da hatsin ajiya na ƙasa, ana fitar da shi a sayar da rahusa lokacin da rumbuna suka ƙare. Wannan aiki ne da ba ɗan kasuwar da zai yi.

Kuma kasuwarmu ba a hannun Yamai kaɗai take ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A tsakiyar 2023 gwamnatin Najeriya ta cire tallafin mai ta kuma saki naira, darajarta ta zube. Mai kai rago ko wake Maigatari ranar Alhamis naira ake ba shi, in ya canza ta zuwa sefa sai ya ga rabin wahalarsa ta narke a hanya. Ku da ke aiko da kuɗi daga Kano da Legas kun fi kowa sanin wannan, don abin da kuke turowa a dā ya sayi buhu biyu, yanzu da ƙyar ya kai ɗaya.

A Oktoban 2024 hukumomin ƙasa suka hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Dalilin a bayyane yake, kuma ba wanda zai ce ba shi da tushe: an yi ambaliya, abinci ya yi tsada, ana son ya tsaya a gida. Mai saye ya ji sauƙi, kuma kada mu manta yawancin manomanmu su ma masu saye ne daga watan biyar zuwa na takwas. Amma wake daban yake da hatsi. Mu nan wake shi ne gyaɗar yau, shi da riɗi, don sayarwa ake shuka shi, kuma babban mai sayensa yana kudu, tafiyar awa ɗaya ko biyu, ba Bamako ba. In aka toshe wannan ƙofa ba tare da an samu mai saye a gida a kan kuɗin da zai fitar da manomi ba, abu biyu ne tarihin yankin nan ya nuna suna faruwa. Ko kaya su bi hanyar daji, ribar ta koma aljihun mai babur da mai karɓar na goro maimakon mai gona. Ko kuma baɗi manomi ya rage shuka, kamar yadda ya yi wa gyaɗa.

Shi ya sa in da za a tambaye mu, ba za mu ce a dawo da SONARA ba, ba kuma za mu ce gwamnati ta tattara ta tafi ba. Roƙonmu ƙanana ne. Duk matakin da za a ɗauka kan wani amfani, a sanar tun kafin shuka, kada sai kaya sun taru a masussuka. In an hana fitarwa, OPVN ta sauko ta saya kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma da kaka, ta biya a kan lokaci. A kuma faɗaɗa tsarin nan na jingina da ake kira warantaji, inda ƙungiya ke zuba buhunanta a sito a rufe da kwaɗo biyu, ɗaya nata ɗaya na asusun bashi, a ba mambobi kuɗi su yi hidimar kaka, in farashi ya tashi da bazara a sayar a biya bashin, rarar ta zama tasu. Ƙauyukan da suka gwada sun san wahalarsa, musamman shekarar da farashi ya ƙi tashi, amma dai ya fi sayar da buhu ranar da kowa ke sayarwa.

Ƴan'uwa na Libiya da Aljeriya da Abijan da ke tambayarmu ko yanzu ne lokacin saya wa gida hatsi, amsarmu ita ce e, da kaka ya fi sauƙi, amma ku tabbata akwai wurin ajiya mai kyau, wake kuma a sa shi a buhun nan mai leda biyu a ciki saboda ƙwari.

A shirin mako mai zuwa za mu karanto farashin tiyar hatsi da wake da riɗi na kasuwannin Magarya da Dungas, mu gwada da na Maigatari bayan an canza naira zuwa sefa. Muna kuma neman dattawan da suka taɓa kai gyaɗa sikeli, ko suka yi aiki a koperatif ko a masana'antar mai, maza da mata, su aiko mana da saƙon murya ta WhatsApp, ko jikoki su ɗauko mana muryarsu. Muna son jin nawa aka saya musu kilo, da abin da ya rage a hannunsu bayan an cire haraji da bashin iri.